Ki Tafi da Gogenki, Walida

Taman Melati,
Kuala Lumpur.
Laraba, bayan azahar.

Zuwa ga 'yata Walida,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, duk da bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki, kuma na ga irin lafiyar taki da safe, da kika kurɓi shayi kika bar burodin a faranti. Allah ya tsare ki a zaune da tafiye, ya tsare gabanki da bayanki. Allah ya jiƙan Abbanki, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa can ta fi masa nan.

Kin san rubutuna. A aji uku na sakandare na tsaya, kuma rabona da doguwar takarda tun Abbanki yana neman aurena. In kin ga kuskure ki tsallake shi. Na ɗauki biro ne saboda in na zauna a gabanki bakina ba ya buɗuwa. Ke ce 'yar fari, ke kaɗai kuma Allah ya bar mana, a gidan da na tashi kuwa uwa ba ta zaunar da 'yar fari ta yi mata doguwar magana. Ko sunanki na yanka ban taɓa faɗa ba, tunda sunan kakarki ne. Takarda dai ba zan ji nauyinta ba.

Ranar Asabar motarku za ta tashi zuwa jihohin Pahang da Terengganu, ku ɗaliban sashen kiɗa na jami'a, ku zaga makarantun firamare na ƙauye kuna yi wa yara kiɗan nan naku na Turawan da, wanda ba waƙa a cikinsa. Shekaranjiya na ji kina waya da malamarku, Dakta Lim. Turancina bai kai ko'ina ba, amma na gane kin ce za ki je, sai dai ba za ki yi kiɗa ba. Za ki jera kujeru, ki ɗauki kaya. Na kuma san shekarar ƙarshe kike, kuma wanda bai yi kiɗa a wannan zagaye ba, ba a cewa ya gama. Tun ranar da Abbanki ya rasu ba ki taɓa gogenki ba. Na san ba kya so in ce goge, bayolin ne sunansa, amma ki bar ni da wanda bakina ya saba.

Ina so ki tafi da shi. Ina kuma jin tsoron tafiyar taki, tsoro irin wanda yake hana ni gane ɗanɗanon abinci. Duka biyun suna raina, ba wanda ya kori wani. Ba ni da ilimin da zan ba ki guzuri da shi. Abin da nake da shi kurakuraina ne, kin san yawancinsu, kina wurin aka yi su. Zan faɗa miki yadda nake ganinsu yanzu.

Da muka zo ƙasar nan kina 'yar mitsitsiya, Abbanki ya samu tallafin gwamnati na karatun digiri na uku, muka sauka a Cheras, a wani bene mai tsawo. Ban fita ba. Lif yana ba ni tsoro, ruwan sama kullum, ƙanshin abincin mutane duk baƙo ne a hancina. Abbanki ya kan dawo ya same ni a bakin taga, ya ce, "Maman Walida, ki sauka ƙasa ko gaisuwa ce ki koya. Mutanen nan Musulmi ne, ba za su cinye ki ba." Ni kuma in ce, "Shekara uku ne fa mu koma Kano. Me zan yi da yaren mutane?" Shekara ukun ta wuce, ya samu aikin koyarwa, muka dawo Taman Melati, ni ina nan da kalma biyu na Malay, makan, wato ci, da boleh, wato zai yiwu. Ke kika zama bakina. A kedai, wato shago, ke ce mai tambayar kifi, a asibiti ke ce mai gaya wa likita ciwon da yarinya ƙarama bai kamata ta ji sunansa ba. Ina ganin dabara na yi, ashe kaya na ɗora miki.

To ke kada ki shiga ƙauyukan nan kamar yadda na shigo ƙasar nan, da ido a kan hanyar komawa. Ke kina jin yaren kamar 'yar gari, ba ki da uzurina. Ki gaida matan da za su dafa muku abinci, ki tambayi sunansu, ki shiga kicin ɗin ki ce ko akwai abin da za ki kama. In sun zuba miki budu, miyar kifin nan tasu mai ƙarfin wari, ki ci. Mu da muke cin daddawa ba mu da bakin magana. Tun rasuwar nan kin koyi amsa magana da kai kawai. A gida na haƙura, amma a gidan mutane za a ɗauka girman kai ne, ga ki baƙar fata ke kaɗai a cikin tawagar, duk abin da kika yi da sunan mu duka za a rubuta shi.

Kin tuna yadda abin nan ya fara? Kina firamare wasu ɗaliban jami'a suka zo makarantarku da kayan kiɗa, kamar dai yadda za ku je yanzu. Kika dawo gida ko takalmi ba ki cire ba, kika shige kicin, kika ɗauki muciya kika maƙale ta a ƙarƙashin haɓa, kika ɗauki ludayi kina goga mata, idonki a rufe. Na fizge su daga hannunki. Na ce, "Ke jikar malamai ce, ba mu gaji roƙo ba. Kada in ƙara gani." Da Abbanki ya dawo na kai masa ƙara. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To me ta roƙa?" Na ce ba ta roƙi komai ba. Ya ce, "Wa ta yi wa kirari?" Na ce ba kowa. Ya ce, "Ki bar ta mu gani. In shirme ne, kafin sati ta manta." Ba ki manta ba. Shi ya kai ki wurin mai koyarwa, shi ya amsa wa 'yan'uwansa na gida duk surutun da suka yi. Ni kuwa na daɗe ina ce wa matan 'yan Najeriya darasin yamma kike zuwa.

A cikin yaran da za ku yi wa kiɗa, akwai wadda za ta koma gida ta ɗauki muciya. A gidan nan kuma akwai uwa irina tana jiranta. Kada ki raina uwar. Tsoro ne yake sa ta, tana ganin wani abu ya zo zai ɗauke mata 'ya zuwa inda ba ta sani ba. In kin ga iyaye sun tsaya a bayan aji ko a bakin taga suna leƙe, kafin ki rufe akwatin gogenki ki je ki rusuna ki gaishe su. Su ga mayafinki, su ga lokacin salla ya yi kin tashi kin nemi ruwa. Da a lokacin na ga yarinya ɗaya irinki a cikin masu kiɗan nan, da ban sha wahalar da na sha ba, da ke ma ban ba ki ba.

Sai maganar wankin baka, wadda Abbanki bai daina tsokanata da ita ba har ya bar duniya. Kina sakandare, washegari kina da jarrabawar kiɗa. Na shiga share ɗakinki na ga bakan gogen a kan gado, gashin dokin nan ya yi fari fat da wani gari, har yana zuba a jikin katakon. Na ce yarinyar nan ƙazanta za ta kai gaban malamai. Na kai shi banɗaki na wanke shi tas da sabulu, na shanya a baranda, har na ɗan shafa masa man zaitun don ya yi sheƙi. Raina fari. Kika dawo kika ja shi a kan tsirkiya, ko ƙis bai ce ba, sai santsi. Kika dube ni kika ce, "Mama, me kika yi masa?" Na ce, "Gyara miki na yi." Kika zauna a ƙasa kika fashe da kuka. Ashe garin nan ƙaro ne da kuke gogawa da gangan, shi yake sa gashin ya kama tsirkiya. Abbanki ya fita cikin ruwan sama ya aro miki wani. Daga ranar duk abin da ya gani a hannuna sai ya ɓoye nasa, ya ce, "A yi hankali, ga mai gyara nan."

Da na tambaye ki, da magana ɗaya ta isa. Da ke ma kin taɓa zaunar da ni kin nuna min, da ban taɓa ba. Yaran nan za su miƙo hannu, da maiƙon abinci a yatsunsu, su so su taɓa. Kada ki jira sai sun taɓa inda bai kamata ba ki daka musu tsawa. Tun farko ki nuna musu, nan ana taɓawa, nan ba a taɓawa, ga dalili. Ki bar su su riƙe, hannunki a ƙarƙashin nasu. Haka kuma abokan tafiyarki. In kin ga wata tana wani abu da bai yi miki daidai ba, ki tambaya kafin ki gyara mata.

Wanda ya fi zama min a rai kafin rasuwar nan shi ne ranar guɗa. Shekararki ta farko a jami'a, aka ba ki wani ɗan wuri ki yi ke kaɗai a babban zaure. Na ɗinka sabon leshi, na sa turare. A cikin jirgin ƙasa Abbanki yana ta yi min bayani, wai kiɗan kashi-kashi ne, in an tsaya a tsakani ba a tafi sai an kai ƙarshe. Ban saurare shi ba, hankalina yana kan takalmin da yake matse ni. Kika tashi kika fara. Walida, ban taɓa jin abu irin wannan ba. Ban san me kiɗan yake cewa ba, amma na ji kamar ana warware min wani ƙulli a ƙirji. Ga 'yata a tsaye, duk mutanen nan sun yi tsit saboda ita. Kika ɗaga bakan, wuri ya yi shiru, ni kuwa sai ji na yi guɗa ta fita daga bakina, irin wadda ake yi wa amarya. Ni da ban taɓa yabonki a gaban mutum ba.

Kawuna suka juyo gaba ɗaya. Wani a bayana ya ce shhh. Abbanki ya dafa min gwiwa, kafaɗarsa tana rawa don dariyar da yake dannewa. Duk wannan bai dame ni ba kamar fuskarki. Kin dube ni daga can sama, kika kawar da kai. Da muka fito kika ce min da Turanci me ya sa na yi haka, ƙawayenki suna ji. A hanya Abbanki ya ce, "Ni dai a duk zauren nan ke kaɗai na ga kin biya kuɗin kujerarki." Ban yi dariya ba. Daga ranar ban ƙara zuwa ba. Duk lokacin da kika kawo katin gayyata sai in ce ƙafata tana ciwo, ya sa hularsa shuɗiya ya tafi shi kaɗai. Guɗar rashin sani ce, ana yafe ta. Zaman gidan da na yi bayanta, wannan da sanina na yi shi, fushi ne da kunya na bari suka cinye min shekaru. Yanzu wanda zan zauna kusa da shi ɗin babu shi.

Yaran ƙauye ba su san ƙa'idar zaurenku ba. Za su tafa a inda ba a tafi, za su yi dariya in babban gogen nan ya yi ƙara kamar saniya, wani zai tashi ya taka rawa, wani zai yi barci. Ina roƙonki ki kula da fuskarki a wannan lokacin. Yaron da ya tafa shi kaɗai a cikin shiru, idonsa a kanki yake. In kin ɗaure fuska, ya gama da kiɗan nan har abada, ba zai ma gaya wa kowa dalili ba. Ki yi masa murmushi, ki ɗan sunkuyar da kai, ki ci gaba. Ƙa'idar zai koye ta daga baya in ya so abin.

Yanzu na zo inda nake ta kewayewa.

Ranar da Abbanki ya rasu kin fita da sassafe, kuna da kiɗa a wata firamare a Gombak. Na san al'adarku, kafin ku fara Dakta Lim tana karɓe wayoyinku a kashe ta zuba a jaka, don kada wata ta yi ƙara a tsakiyar kiɗa. Ban taɓa gaya miki yadda aka yi a gidan nan ba, ke ma ba ki tambaya ba. Yana sa takalmi zai tafi aiki, sai ya zauna a kujerar bakin ƙofa ya ce hannunsa ya yi masa nauyi. Na ce ko in kawo ruwa. Ya ce to. Kafin in dawo da kofin ya zame. Na kira lambar gaggawa da ya liƙa mana a jikin firij. Wata mata ta ɗauka tana yi min tambaya da Malay. Na ce ban ji ba. Ta koma Turanci, ɗan Turancin nawa ya gudu. Sunan benenmu da nake gani kullum ya ɓace min. Na kashe na kira ki. Na sake kira. Ban san sau nawa ba. Sai da na fita ina dukan ƙofar maƙwabta, Mak Cik Rohana ta fito da kumfar wanke-wanke a hannu, ita ta yi magana da su.

Da kika iso asibiti da baƙar rigar kiɗanki, akwatin gogen a bayanki, an riga an rufe shi. Kika tsaya a gabana. Na dube ki na ce, "Sannu da kiɗa."

Na ga inda maganar ta sauka. Tun daga ranar nake ganinta a fuskarki, a yadda kike kwana da waya a hannu, a yadda kike zabura in ta yi ƙara ko da saƙon talla ne.

Ki ji gaskiyar abin. Likita ya gaya wa Mak Cik, ita kuma ta gaya min, cewa zuciyarsa ce ta tsaya lokaci ɗaya, ko da likita yana zaune a falonmu ba lalle ya iya komai ba. Kwanansa ne ya ƙare, a daidai inda Allah ya rubuta. Da kin ɗauki wayar, da abin da zai ƙaru kawai shi ne ki ji ihuna. Kuma da nake ta kiranki, mai yi min magana da mutane nake nema, kamar yadda na saba tun kina ƙarama. Shekara da shekaru ina ƙasar mutane ban iya faɗin inda gidana yake ba. Wannan ne ya ƙone ni a asibiti, na rasa inda zan ajiye shi, na ajiye a kanki. Kina wurin aikinki ne, aikin da shi da kansa ya raka ki bakin lif da safen yana ce miki ki gaishe masa da yaran. Ki yafe min, Walida. Na san uwa ba ta saba faɗa wa 'ya haka ba. Na faɗa, kuma na rubuta don ya zauna.

Shawarar da zan ba ki a nan gajeriya ce. In baƙin ciki ya cika miki baki, ki yi salati ki bar wurin. Wanda ya fi kusa da ke shi maganar take samu.

Kina jami'a ko kina kulle a ɗaki, ba ki san abin da muke yi da Mak Cik ba a watannin takabata. Kullum bayan la'asar take shigowa da 'yan kayan ƙwalamanta. Da farko zama kawai muke yi. Wata rana ta ɗauki rimot ɗin talabijin ta kara a kunne, ta ɗaure fuska, ta ce da Malay, "Gaggawa. Ina ne gidanku?" Na gane abin da take nufi, na fara kuka. Ta bar ni na gama, ta sake karawa a kunne ta ce, "Ina ne gidanku?" Haka muka fara. In na yi kuskure sai ta ce, "Motar asibiti ta wuce can garin Ipoh, ƙanwata. Sake." In na faɗa da ƙarfi ta ce, "Adireshi na tambaye ki fa, ba faɗa ba." Yanzu ina iya faɗin sunan bene, da hawa, da lambar ƙofa. Ina iya cewa ciwon ƙirji, ina iya cewa ya faɗi, ina iya cewa ku yi sauri. Ina sayen kifi da kaina, har in ce a rage. Saboda haka in Dakta Lim ta miƙo jakar nan, ki kashe wayarki ki saka. Ba zan ce miki hankalina zai kwanta ba, ƙarya ne. Amma in wani abu ya taso ina da baki, ina kuma da maƙwabciya.

Da na fita takaba, mata suna ta tambayata ina zan fara zuwa. Jiya da kika tafi jami'a na taka kujera na sauko da gogenki daga kan kabad. Na san ban nemi izininki ba. Da na buɗe, tsirkiya ɗaya ta tsinke ta nannaɗe, ga wani farin fumfuna ya fara kama jikin akwatin saboda damshin garin nan. Hannuna har ya nufi tsumma, na janye shi. Na rufe, na rataya a kafaɗa a kan hijabina, na hau jirgin ƙasa daga Taman Melati na sauka a tashar Masjid Jamek, na taka zuwa titin Jalan Tuanku Abdul Rahman. Na tuna shagon da Abbanki ya taɓa nuna min, a saman wani kantin yadi.

A bakin kantin na yi kiciɓis da Maman Haidar, ta Cheras, tana zaɓen yadin sallar yara. Muka gaisa, ta yi min ya ƙarin haƙuri, idonta a kan kafaɗata. Ta kasa daurewa ta ce, "Maman Walida, daga fita takaba sai goge? Ko biki aka kira ku?" Na ce, "Na 'yata ne. Aikinta ne, gyara zan kai." Ta ce, "Au, har yanzu ba ta bari ba? Na ɗauka da rasuwar nan..." Na ce, "Ba ta bari ba." Na hau matakala. Na san kafin magariba labarin ya zaga Cheras, wataƙila ma ya isa Kano. Ya isa ɗin, ban damu ba.

Mai gyaran wani dattijo ne ɗan Sin, gilashinsa a kan hanci. Ya buɗe akwatin ya yi tsaki, ya ce wa ya bar shi haka. Na ce masa da Malay ɗina mai ɗingishi, mai shi mahaifinta ya rasu. Ya cire gilashin ya dube ni, bai ƙara faɗa ba. Ya kawo min kujera, ya goge katakon da nasa tsumman, ya canja tsirkiyoyin duka huɗu. Ya ce in gaya miki kada ki bar shi a ƙarƙashin mota tare da jakunkuna, zafi yana buɗe shi, ki riƙe shi a jikinki.

Ni ma ga nawa na hanya. Ki zauna a tsakiyar mota, hanyar nan ta gabas duwatsu ce da kwana, ga damina. In kin ga direba yana gudu ki yi magana, kada ki ji kunya. Ki yi addu'ar hawa abin hawa. Kada sallarki ta bi jadawalin kiɗa, matafiya an yi musu sauƙi, ki haɗa in ya kama amma kada ki bari. Teku kuma ki kalle shi daga nesa, ko ƙawayenki sun shiga, ba ki iya ruwa ba. Maganin gyambon cikinki yana aljihun gefe na jakarki, kada ki jira sai ya tashi kafin ki ci abinci. Na soya miki dambun nama, ki ba abokan zamanki. Maganar komawata gida da kawunki yake ta kira a kai, mu bar ta sai kin dawo.

Abin da ya fi tsorata ni ban san maganinsa ba. Ina tsoron ki tsaya gaban yara ki ɗaga baka, ki tuna inda kike a wancan safen, hannunki ya ƙi. Ko kuka ya zo miki a tsakiya. In ya zo, ki bar shi ya zuba, yara sun san kuka, ba za su tsorata ba kamar manya. In kuma hannun ya ƙi gaba ɗaya, ki zauna, gobe ki sake gwadawa a makaranta ta gaba. In an gama zagayen bai yarda ba, ki dawo gida, ɗakinki yana nan, ba wanda zai tambaye ki komai. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne ki bar shi saboda maganata.

Saura abu ɗaya da dattijon ya ce, ya maimaita har sai da ya tabbata na gane. Sabuwar tsirkiya ba ta zama daram rana ɗaya. Tana saki. Sai an yi ta murɗa kunnuwan ana daidaita ta, ana ɗan kaɗawa safe da yamma na wasu kwanaki, sannan ta riƙe murya. Ya ce in aka bar ta sai ranar kiɗa, a gaban mutane za ta saki. Na tambaye shi ko shi zai iya yi. Ya ce a'a, mai shi ce za ta yi.

Kin ga ke nan ba sai Asabar ba. In za ki yi wa yaran nan kiɗa, a gidan nan za ki fara, kuma yau. Na ajiye shi a falo, a kan tebur. Na ce wa Mak Cik kada ta shigo da la'asar, ina da aiki. Zan zauna a kicin in tsince shinkafa, bayana ga ƙofa. Ba zan leƙo ba, ba zan ce komai ba, ko yau ko gobe. Na san daidaita tsirkiya ba daɗin ji ne da shi ba, ƙara ɗaya ce ake ta ja ana sakewa. Ita nake jira.

Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Ya tsare ku daga sharrin hanya, da na ruwa, da na mutum. Ya sa yaran da za ki tarar su zama sanyin zuciyarki. Ya ƙarfafa hannunki, ya yi miki albarka duniya da lahira, ya haɗa mu da Abbanki a Aljanna. Na ba wa Allah ajiyarki, shi ajiyarsa ba ta ɓata.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki,
Hajara